Ranar da Lawali Ya Zauna Shiru

Ba za ni taɓa mantawa da ɗaurin auren ƙanen matata a garin Isa ba, ko da na so in manta.

Ɗana Lawali shekararsa bakwai lokacin. Ba ya zama wuri ɗaya ko na minti biyu. Ka aike shi sayen gishiri, sai ka same shi bisa katangar maƙwabta. Na dake shi har hannuna ya gaji, na kai shi an yi masa rubutu, babu abin da ya sauya. Uwarsa ta matsa muka je asibiti Sakkwato. Likita ya ce ba iskanci ba ne, larura ce ta rashin iya tattara hankali. Ya ce in aje bulala, in riƙa ba shi aiki ɗaya ƙarami, in yaba masa idan ya gama, a zaunar da shi gaban aji, mu dawo bayan wata guda a duba ko sai an haɗa da magani. Ban koma ba. (Na ce ina za ni yaba wa yaro don ya kawo buta?)

Da bikin ya matso, tsoro ya kama ni kada ya kunyata ni gaban surukai. Ranar kasuwar Sabon Birni na sami mai tallar magani a kwali, na ce ina son abin da ke kwantar da yaro. Ya ba ni ƙwaya. Da safen biki na murƙushe biyu cikin fura na ba shi.

Sai ga Lawali zaune kan tabarma kamar ɗan liman. Dattawa na ta mamaki. Surukina ya ce, "Kai, yaron ga ya natsu!" Ni kuwa na gyara hula na ce, "Baba, tarbiyya ce. Ɗiyan yanzu sai da hannu mai ƙarfi." (Har da ba wani shawara na yi, Allah Ya yafe mini.)

Ana cikin fatiha, Lawali ya kife da fuska cikin ƙasa. Aka girgiza shi, bai motsa ba.

Yayan matata, wanda ke aikin jinya, ya buɗe idon yaron, ya dube ni. "Mi kab ba shi?"

"Ban ba shi komi ba."

"Baban Lawali, in ba ka hwaɗi ba, ba mu san abin da za mu yi mai ba. Ɗanka na, ba nawa ba."

Wallahi sai da na tsaya ina auna kunyata da numfashin ɗana. Wannan tsayawar ita ce ba ta barina barci. Sannan na ciro sauran ƙwayar daga aljihu, gaban liman, gaban ango, gaban surukin da na gama yi wa wa'azi.

Babu wanda ya zage ni. Surukina cewa kawai ya yi, "Ashe ita ce tarbiyyar."

Aka ɗauke shi a babur zuwa asibiti. Sai la'asar ya farfaɗo.

Yanzu muna komawa wurin likita kan lokaci, kuma Lawali na samun sauƙi a hankali. Amma har yau, in na miƙa masa abin sha, sai ya waiwayi uwarsa tukuna. Abin da na koya ke nan: mutane sun manta da kunyata cikin mako guda, wanda na so ya manta shi ne bai manta ba.