Layi na Goma Sha Bakwai

"Sannu da aiki, bawan gidanmu," in ji Zulaihatu, tana ajiye jakarta a shagon Muhyiddin, taubashinta.

Shekarar 1997 ce. A lokacin kwamfutar shagon baƙin allo ce kawai, sai ka rubuta mata umarni ta yi. Katin saukar karatun 'yar Zulaihatu ake bugawa, guda arba'in, kowanne da sunan mai shi. Zulaihatu ce ta shigar da sunayen a faifan kwamfuta a ofishinsu. Motar Rijau kuwa, wadda za ta kai wa dangin mijinta nasu, bayan azahar take tashi.

"Yawwa, 'yar aikin Innata. Sau uku ina ba kwamfutar nan umarni, tana kai kati goma sha shida sai ta tsaya."

"Naƙasasshiya ce, kamar mai ita. Tun muna yara lissafinka ba ya wuce yatsunka."

"Ke da aka saya da ƙwaryar dawa a kasuwar Salka, har aka yi wa mai saye gyara?"

"Gwano ba ya jin warin jikinsa. Gyara abinka, rana na yi."

Muhyiddin ya sake bin umarninsa layi-layi, bai ga kuskure ba. Sai ya buɗe jerin sunayen. Layi na goma sha bakwai babu komai a ciki.

"Wa ke nan wurin?"

Zulaihatu ta sunkuyar da kai. "Maman su Abban yara."

"Surukarki? Ina sunan?"

"Ni zan rubuta sunanta da hannuna? Na bar mata wurinta. Mai hankali ya gane."

"Kwamfuta ba ta san alkunya ba. Ta iso ta ga wayam, ta zauna jira. Faɗi sunan in buga."

"Ka san shi sarai. A gidanta ka cinye akushin tuwo biyu."

"Na manta. Tsufa."

Aka fara kiran sallar azahar a masallacin tasha. Idan kowa a Rijau ya sami kati ban da tsohuwar, Zulaihatu ta san shekara ba za ta kashe maganar ba. Ta zaro ƙullin dambun nama daga jaka, ta dire masa.

"Ci, mayunwaci. Yau dai kai ne ubangida."

Ya yi dariya, ya buga "Hajiya Salamatu". Firinta ta kama kukanta. Da katin ya fito, Zulaihatu ta kau da kai, ta karɓe shi da hannu biyu, a kife.