Babban Yatsan Garkuwa

Tun da aka kafa kamfanin intanet ɗin nan ba a taɓa samun gwanin tsaro kamar shugaban sashen injuna ba. Shi da bakinsa ya faɗa. Ma'aikata suna kiransa Garkuwa, yana amsawa da fara'a, don a zatonsa yabo ne. Abu ɗaya ya rage masa a duniya: kujerar darakta.

Saƙonnin jama'a haske ne da ke gudu cikin zaren gilashi a ƙarƙashin ƙasa. In zare ya tsinke, injuna sukan yi magana da juna ta wani layi na daban, su juya komai zuwa wani zaren kafin ƙiftawar ido. Wannan ne ya tsaya wa Garkuwa a rai. Injuna su yi shawara ba da saninsa ba?

"Layin nan ƙofa ce ga masu kutse," in ji shi. "A toshe shi. Umarni ya bi zaren da kowa ke bi. Kuma kada injin da ya canja hanya sai na dangwala yatsana a wayata."

Daga ranar yatsan ya zama ɗan gata. A gida ko lemo ya daina ɓarewa.

"Maman yara, ɓare min. Yatsan nan amanar jama'a ce."

Ranar da masu kamfani za su zaɓi darakta, ya zauna gaban kyamara a falonsa don yi musu jawabi ta intanet, ya ɗaga yatsan sama.

"Ranku ya daɗe, yau babu mahaluƙin da zai iya ba injunanmu umarni sai..."

Daidai nan wata katafila mai gyaran titi ta tsinke zaren. Injuna suka tsaya jiran izini, cikin ladabi, kamar yadda ya koya musu. Ya dangwala. Ya goge yatsan a riga, ya sake dangwalawa. Izinin kuwa ba shi da hanya sai zaren da ya tsinke. Gari ya wuni ba intanet. Masu kamfani suka zauna suna kallon hotonsa a daskare, baki buɗe, yatsa a sama.

Sun dai yi masa adalci. Sun tabbatar cewa ranar ba wanda ya iya kutse, har da shi. Kujerar suka ba wani.

Da yamma ya zauna a falo, abin tausayi. Matarsa ta ajiye masa lemo da wuƙa.

"Baban yara, tunda yatsan ya samu hutu, ɓare mana."