Yadda Na Yi Wata Biyu Ina Kiwon Muzuru

Ba zan taɓa mantawa da magaribar da Alhaji Sale ya kunna sabuwar fitilarsa ba, ko da kuwa zan shekara ɗari a duniya.

Bari in fara daga tumbina, tunda shi ya jawo komai. Shadda da yadi nake sayarwa a kasuwar Azare, kuma a da, in na tare mai keke napep sai ya dube ni, ya dubi tayoyinsa, sannan ya ce in hau ni kaɗai. A unguwa Sarkin Suɗi ake kirana, don ba a taɓa mayar da kwano cikin gida da saura ba muddin ina wurin. Ana haka gwiwoyi suka fara ƙara, suga ya hau, hawan jini ya biyo bayansa, har sallah ta koma a kan kujera. Da likita ya gaji da lallashina, sai na tafi Masar aka yi min aiki. Wani ɗan zobe suka ɗaura a saman tumbin, ya zamana wurin da ya rage na karɓar abinci bai fi ƙaramin kofin shayi ba.

Ban da maiɗakina, ba wanda ya sani. Na ce wa kowa duba kaya na je. Ku yi min adalci mana: a lokacin da magidanta ke fafutukar kwanon masara, da wane baki zan ce na hau jirgi takanas don a hana ni cin abinci?

Makonnin farko na yi su a ɗaki da romo da kunu, ina fakewa da gajiyar tafiya. Daga nan sai dokokin likita: a ci kaɗan, a ci a hankali, kada a kora da ruwa, kuma kowace loma a tauna ta sai ta zama kunu. Har da tuwo. (Na tambaye shi sau biyu ta bakin tafinta, ya ce har da tuwo.) Wai a ce ƙato kamata ya zauna yana tauna tuwo kamar ɗan yaye. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne zoben nan bai ɗaure ido ba, bai ɗaure hanci ba. In na wuce mai tsire yawuna ya tsinke kamar da, amma loma uku na yi sai cikin ya ce an rufe ƙofa. Akwai ranar da na zauna gaban dambun nama, na ji ƙwalla ta cika min ido, wallahi ba wasa ba.

A gida duk wannan da sauƙi. Matsalar ita ce ciyayya.

Shekara ashirin ke nan, bayan sallar magariba, mu maƙwabta shida muna haɗuwa a tabarmar ƙofar gidan Malam Bukar, kowa da kwanon gidansa, mu ci tare. Malam Bukar tsohon malamin firamare ne, shi ne babbanmu. Matarsa Inna Falmata ƙawar mahaifiyata ce, kuma tun da mahaifiyar tawa ta rasu ta ɗauke ni ɗa. Langarta kullum a gabana ake ajiye ta, kuma takan tambayi Malam ko ɗan nan ya ci da yawa. A wurinmu ƙin abincin maƙwabci magana ce babba. Ko dai ka raina shi, ko kuma kana zargin an yi maka barbaɗe a ciki. Ka ƙi na Inna kuwa, gara ka tashi daga unguwar.

Abin da ya taimake ni shi ne duhu. Layinmu ya manta rabonsa da wuta, sai dai a haska kwano da waya a ga inda nama yake, a kashe. Sai kuma muzurun Malam Bukar, wani ramamme da ke raɓe a bayan tabarma. Daren farko na yanko loma, na zagaya da ita cikin miya, na kai kusa da baki, na yi ƙarar haɗiya da maƙogwaro, sannan na zura hannun ta ƙarƙashin babbar riga zuwa baya. Aka karɓa. Ba gardama, ba surutu. Ban taɓa samun abokin hulɗa mai riƙon amana kamarsa ba.

Haka muka yi wata biyu. Ni ina zubewa, shi yana cika. Rigunana suka koma kamar na aro, shi kuwa ya daina hawa katanga. Ya fara bina har ƙofar masallaci, in na fito in tarar da shi zaune a kan takalmina.

Alhaji Sale, mai sayar da kayan gini, wanda bakinsa ba ya ganin abu ya ƙyale, ya ce wata rana, “Malam, magen nan taku ciki gare ta ne?”

Malam Bukar ya ce, “Muzuru ne fa, Alhaji.”

“To Allah ya sauke shi lafiya.”

Kowa ya yi dariya, har da ni, tawa ma ta fi ƙarfi.

Wadda ba ta dariya ita ce Inna. Langa tana komawa a sharce, amma ɗan nan sai ramewa yake. Ta ƙara man shanu. Ta ƙara nama. Ta sa Malam ya yi min rubutu. Maiɗakina ta ce, “Alhaji, ka ji tsoron Allah ka faɗa wa tsohuwar nan gaskiya.” Na ce mata ai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ta ce, “Naka kam yanzu ko tuwon bai ɗauka.”

Ranar da abin ya faru na yini a Misau wajen wani mai saye, na dawo daidai ana kiran sallah, don haka ban lura da sabon ƙarfen da aka kafa a gefen tabarma ba. Ashe Alhaji Sale ne ya sa aka ɗaura fitilar sola, irin mai rimot, ya ɓoye rimot ɗin a aljihu yana jiran kowa ya zauna ya ba mu mamaki.

Malam Bukar ya buɗe langa, ƙamshi ya bugi kowa. Tuwon dawa ne da miyar kuka, ga kaza. Ya laluba ya turo min cinya guda gabana, ya ce a hankali, “Kazarta ce ta yanka, mai ƙwan nan da take ji da ita. Ta ce cinyar nan taka ce, kada kowa ya taɓa.”

Na ce Allah ya saka wa Inna da alheri. Na ɗauka, na yi ƙarar taunar da na saba, na zura hannu baya.

Alhaji Sale ya ce, “Jama'a, ku yi salati.”

Sai gari ya waye.

Ban san fitila na iya haske haka ba. Ga ni zaune, bakina yana tauna iska, hannuna a baya riƙe da ƙashin cinya, muzuru riƙe da tsokar yana ja. Shi ko kunya bai ji ba, bai ma saki ba. Mutum biyar suka zuba mana ido. Malam Bukar ya miƙa hannu ya fara jawo langar daga gabana, a hankali.

Jawo langar nan ne ya ruɗa ni. Na ce, “Malam, wallahi ci nake,” na yanko loma irin ta da, ta Sarkin Suɗi, na jefa baki na haɗiye ba tauna. Ta sauka ta tsaya cak a ƙirji. Yawu ya cika min baki, idanuna suka firfito, na tashi da gudu zuwa bakin kwata, na dawo da ita kamar yadda ta shiga. Da na ɗago, Inna na tsaye a bakin zaure. Ta leƙo ganin fitila, ta ga ɗanta yana amayar da tuwonta.

Ta ce, “Ɗan nan, me aka ce maka ina zubawa?”

Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki sun haɗu min kamar lokacin ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na tattare babbar riga da 'yar ciki har ƙirji, a ƙarƙashin fitilar Alhaji Sale, na nuna musu 'yan tabban aikin, na faɗi komai tun daga Masar har muzuru.

Alhaji Sale ne ya fara dariya, ya kife a kan tabarma yana cewa, “Ashe kayan da aka je dubawa kayan ciki ne.” Malam Bukar ya juya baya, kafaɗunsa na girgiza.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta dubi muzurun, ta dube ni, ta ce, “Wata biyu ina tashi cikin dare ina roƙon Allah kada ya ɗauke ka kamar yadda ya ɗauke mahaifiyarka. Ashe mage nake yi wa girki da man shanu.” Ta juya ta shige. Gara a ce marina ta yi.

Washegari na je na durƙusa na ba ta haƙuri, da kaji biyu masu ƙwai a hannuna. Ta karɓi kajin ta shige ciki. Da magariba aka fito da langarta kamar kullum, amma a kan murfin akwai wani ɗan kwano mai hoton agwagwa, wanda aka yaye jikanta da shi, da faten wake mai laushi a ciki da ƙaramin cokali. Malam Bukar ya ajiye shi a gabana ya ce, “Ta ce ka cinye, kuma ni ne mai sa ido.”

Har yau da shi nake ci, a tsakiyar haske, ina tauna a hankali Alhaji Sale na ƙirga min. Na koma sujada da goshina. Abin da na koya shi ne, dariyar da na yi wata biyu ina gudu, dare ɗaya aka yi ta aka gama, amma tsohuwar da ta yi wata biyu tana min addu'a har yanzu ban gama ba ta haƙuri ba. Muzuru kuwa ya koma hawa katanga, kuma ko a hanya muka haɗu ba ya kallona.