Ranar da Na Tashi Tuɓe wa Ayuba Rabaran

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi a Nima ba, zamanin da unguwar ba ta wuce 'yan gidajen laka ba, mu Kiristocin arewa kuwa muna sujada a ƙarƙashin rumfar kwano, maƙwabtanmu Musulmi suna ba mu aron tabarmi.

Gardama ce ta raba mu. Mai yi mana wa'azi, Ayuba, ya dawo daga makarantar mishan, jama'a suka fara ce masa Rabaran, laƙabin limamin coci. Ni kuwa, da na yi wa Turawa soja har na kai Saje-Manja, na ce faufau. Ashe Almasihu bai hana a kira mutum uba ko malam ba, tun da dukanmu 'yan'uwa ne? (Gaskiyar magana, Ayuban nan ni na koya masa ɗaura wando.) Aka yanke a ɗaga hannu bayan sujada, a rabu da zancen.

Na zo da babbar riga, lambobin yaƙi reras a ƙirji. Na yi jawabin da ya sa awaki suka daina kiwo. Na ce, "Daga yau babu Rabaran, babu Fada, babu Malam! Kowa da sunan da uwarsa ta san shi!" Rinjaye ya karkato wajena ƙarara.

Sai Iya Hannatu mai tallan wake da shinkafa, wadda ta goye ni ina jariri, ta ce, "Madalla. To zauna haka nan, Tanko, ka tare mana iska."

Tanko! A gaban surukaina!

Na buga sanda a ƙasa. "Wane ne Tanko? Saje-Manja ke nan, bijimin bariki, na gaban fareti, wanda Gwamna ya ba hannu!" Na yi ta zuba wa kaina kirari, alhali yatsana na kan ayar nan ta Littafi Mai Tsarki da ta hana laƙabi, ban ɗaga ba.

Ayuba ya matso cikin ladabi, ya ce, "Ranka ya daɗe, Saje-Manja, a yi haƙuri a zauna."

Ƙafafuna suka haɗe da kansu kamar a fareti, hannuna ya sara masa, bakina ya ce, "To, Rabaran!"

Ba a ma ɗaga hannun ba. Dariya ce ta yanke shari'a, har ladanin maƙwabta ya leƙo yana tambayar ko lafiya.

Tun daga ranar na gane, mai niyyar tuɓe wa wani rawani ya fara shafa kansa tukuna.