Yadda Za Ka Ci Abin Da Ke Rawa A Faranti

La'asar ta yi, ana yayyafi, an ɗauke wuta, keken ɗinkina ya yi shiru. Sai na ce bari in taimaki matafiya. In ka bi matakan nan, na yi maka alkawari za ka je ƙasar mutane ka dawo ba wanda ya kira ka baƙauye. Ni na gwada. Mu uku muka je sayen kekunan ɗinki, ni da Dogo da Tabarau. Mai kekunan ya sauke mu a gidan mahaifiyarsa. Ba ta jin yarenmu, ba ma jin nata, muka sa mata Iya.

1. Cika baki tun a hanya

Ka gaya wa abokanka kai ba ka zaɓen abinci. Ka ce, "In dai ba haram ba ne, ko takalmi aka dafa a miƙo." Ka faɗa da ƙarfi. Wayewa daga baki take farawa, ciki ya biyo baya in ya ga dama.

2. Tambaya ɗaya tak

Da an ajiye faranti ka tambaya ko ya halatta. In an ce e, to ka ja bakinka. Tabarau ya ƙara da, "Wane ɓangare ne na dabbar?" Mai kekuna ya nuna masa a jikinsa. Har muka dawo shayi da burodi ne abincinsa.

3. Kada ka shinshina

Hanci tsegumi gare shi, abin da ya ji sai ya kai wa ciki. Iya ta kawo wani abu kore mai sanyi, yana rawa ko ba a taɓa tebur ba. Ka ɗebi kaɗan, ka kai can ƙarshen harshe, ka bi da ruwa kamar ƙwayar magani. In ƙwalla ta zo, ka ɗaga kai kamar kana duba aikin kafintan da ya yi rufi.

4. Yaba, amma duba inda hannunka yake

Iya za ta tsaya a kanka da ludayi. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, tun asuba take kicin da ƙafa mai ciwo, ba za ka bar ta haka ba. Ka shafa ciki, ka nuna abincin. Akwai shinkafa a teburin, akwai kaza, amma yatsana ya tsaya a kan mai rawa.

Ta kama kumatuna, ta yi dogon bayani. Mai kekuna ya fassara: tun da mijinta ya rasu ba wanda ya ƙara son wannan girki. 'Ya'yanta ma gudu suke yi.

Dogo ya ce, "Barka, ɗan'uwa. Ka gaji marigayi."

5. Kada ka siɗe faranti

Ni an koya mini in ka cinye ka gama. A gidan Iya in ka cinye ka fara ne. Na cinye don in huta, ta ƙaro. Daga nan safe da rana da dare Dogo kaza, ni mai rawa, a kwanon marigayi, a kujerarsa.

6. Manta da aljihu

Ni tela ne, na san iyakar abin da yadi zai riƙe. Magen gidan ma kada ka sa rai. Ta leƙa sau ɗaya ta fita.

7. Tafi da aboki mai faɗin maƙogwaro

Ranar tafiya Iya ta sa rigarta mai kyau, ta juye tukunyar gaba ɗaya a kwano, ta zauna gabana ta zuba tagumi. Cokalina ya je rabin hanya ya tsaya. Ina kallo fara'arta ta fara raguwa.

Tabarau ya ce ƙasa-ƙasa, "Malam, ko a kawo takalmin ne?"

Sai butar shayi ta yi fito a kicin, Iya ta tashi tana ɗingishi. Dogo ya jawo kwanon, ya yi bismilla, ya rufe ido, ya kafa kai. Kafin ta dawo kwano yana gabana, fes. Ta dafa kaina tana share hawaye da bakin riga. Shi kuwa ta galla masa harara, don kazarsa tana nan bai taɓa ba.

Gargaɗi

Ba ruwana da abin da cikinka zai yi, ko na abokinka. Ni ba likita ba ne, karatuna ma bai yi nisa ba. In ka bi matakan nan aka ba ka kwanon wani marigayi, kada ka zo shagona da ƙorafi, sai dai da yadi. Dogo ma bai kawo ƙara ba. A hanyar tasha ya buɗe tagar mota ya zura kai waje, ni kuma na riƙe masa hularsa.