Ranar da Na Gaida Surukina da Hannu Biyu

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na tsufa na manta sunayen jikokina, da ranar da motar faɗakarwa kan haɗurran hanya ta kwanta a gonar shinkafa a Tiga. Ni ne direbanta. Gara in faɗa da bakina tun yanzu, don duk wanda kuka tambaya daga Bebeji har Doguwa zai ba ku labarin, kuma sai ya ƙara masa gishiri.

A lokacin shekarata shida ina direban wucin gadi a sakatariyar ƙaramar hukumarmu. Yau a kira ka, gobe a manta da kai. Ba abin da nake nema a duniya irin takardar ɗauka aiki ta dindindin. Sai ga shi ana saura kwana goma Babbar Sallah, gwamnatin jiha ta fito da gangamin hana tuƙi cikin maye. Aka turo mana farar bas mai lasifika biyu a kanta, da wani jami'in kiyaye haɗurra, Malam Haruna, mutum dogo wanda ban taɓa ganin haƙorinsa ba. Yana tafe da wata 'yar na'ura da ake hurawa: in ka sha barasa ta kawo ja, in ba ka sha ba ta kawo kore. (Ƙwaya da ruwan tari kuwa ba ta kama su. Waɗannan idon Malam Haruna ne ke kama su, kuma ya fi na'urar sauri.)

Shugaban sashenmu ya kira ni ofis ya ce, "Ka ga motar nan? Mako guda ne. Ka dawo da ita lafiya, ni da kaina zan sa hannu a takardarka."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ko ƙuda ba zai sauka a kanta ba."

To, ina da wani hali da ya kamata ku sani. Ni mutum ne mai mafarki ido biyu. Tun ina yaro in aka aike ni sayen manja, sai in tsaya a bakin rafi ina gina gidan sama a zuci har magariba. Mahaifiyata takan ce jikina ne kawai ta haifa, hankalin yana can wani gari. Amma Allah ya ba ni murya, wannan kam ba a musu. Shi ya sa da aka zo ɗaukar saƙon da lasifika za ta riƙa maimaitawa, ni aka sa. Na gyara murya na rangaɗa: "Direba, ranka da na fasinja amana ne! Kada ka sha, kada ka yi gudu! Riƙe sitiyari da hannu biyu!" Da aka kunna na ji kaina, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Ranar farko a tashar Kwanar Dangora muka yini. Direbobi suka yi layi suna hurawa, wasu na dariya, wasu na zamewa ta bayan masu tsire. Aikina tuƙi ne kawai, amma kai ya riga ya kumbura. Na sauko na goya hannu a baya ina zagaya layin. Na tare wani direban tasi da ake kira Ɗan Kiru, wanda ya kusa haifata, na ce masa, "Malam, tuƙi ba ƙarfi ba ne, hankali ne." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "To, Malam Hankali, mun gode." Ni kuwa na ɗauka yabo ne.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi daɗi a rayuwata. Mu bi ta Tudun Wada, mu ratsa dajin Falgore da hantsi, hanya shiru, itatuwa sun yi kore shar, shanu na tsallakawa a hankali kamar ba su da inda za su. Muryata na tashi daga saman mota tana shiga daji tana dawo mini. Makiyaya su jingina da sanda suna kallonmu har mu ɓace. A nan nakan ga kaina cikin farin kaftani ana miƙo mini takarda. In ga matata Rabi tana guɗa. In ga na sayi babur sabo, ja, mai madubi biyu. Wani lokacin mafarkin yakan kai ni har Kano, ana ba ni lambar yabo, ina cewa a'a, ba ni ba ne, aikin Allah ne. Sau biyu Malam Haruna yana taɓa ni yana cewa, "Kai, kana nan kuwa?" In ce, "Ina nan, yallaɓai." Ƙarya nake, ina Kano.

Rana ta ƙarshe aka ce Tiga za mu. Murna ta kama ni, domin garin su Rabi ne. Mahaifinta, Malam Isiyaku, manomin rani ne, dattijo mai ƙarancin magana. Ya ba ni 'yarsa, amma na san bai taɓa ɗaukata mutum mai kan gado ba. Duk zuwan da zan yi gaisuwa sai ya tambaya, "Har yanzu wucin gadin ne?" Na ƙudurta a raina yau zai gan ni a farar mota, ya ji muryata tana cika garinsu.

Bayan la'asar muka gangaro ta hanyar da ke bin gefen magudanar ruwa. Rana ta yi sanyi, ruwan dam na ƙyalli daga nesa, masunta na jan koma, iska na kawo ƙamshin danyar ƙasa. Gonakin shinkafa cike da ruwa a dama da mu, sararin sama kwance a cikinsu. Malam Haruna ya sunkuya yana rubuta rahoto. Tafiya nake a hankali ƙwarai, yadda kowa zai gane wanda ke tuƙi. A zuciyata kuwa tuni Malam Isiyaku ya miƙe ya rungume ni, yana gaya wa mutane, "Wannan surukina ne, ma'aikacin gwamnati."

Ina cikin wannan sai ga shi a zahiri. Yana zaune a kan tabarma a gindin mangwaro, da dattawa huɗu, dab da bakin hanya.

Ku gaya mini tsakani da Allah, wa ke gaida surukinsa da hannu ɗaya? Wa ke danna masa hon kamar ɗan acaɓa? Da a ƙasa nake, tsugunawa zan yi in cire takalmi. Jikina bai yi shawara da ni ba. Na saki sitiyari, na haɗa hannu biyu na ɗaga ta taga, na sunkuyar da kai har haɓata ta taɓa ƙirji, na ce, "Baba, barka da yamma! Mun same ku lafiya?"

Ban ɗago ba, don ba a ɗagowa kafin babba ya amsa.

Abin da na fara ji shi ne motar ta yi wani laushi, kamar an ɗora ta a kan katifa. Sai "Innalillahi!" daga bakin Malam Haruna. Sai ruwa mai sanyi a ƙafata. Ba ƙara, ba karo. A hankali ta gangara, cikin ladabi, ta dasa hancinta a taɓo, ta karkata gefe guda. Gonar kuwa ta Malam Isiyaku ce, kwana uku da dasa shinkafar.

Injin ya mutu, amma lasifika ba ta mutu ba. Ina zaune ruwa har gwiwa, muryata a sama tana shelanta wa duk Tiga: "Direba! Riƙe sitiyari da hannu biyu!" Ta yi shiru kaɗan, ta sake. Na lalubi makunnin na rasa. Ta sake.

Kafin mu fito gari ya taru. Kuma cikin ikon Allah wa zai tsaya da tasinsa in ba Ɗan Kiru ba? Ya leƙo ya ce, "A'a! Malam Hankali ne? Yallaɓai, a ba shi ya hura mana! Mu ma ai mun hura."

Jama'a suka ɗauka, "A ba shi! A ba shi!"

Malam Haruna, wandonsa na ɗigar taɓo, ya zaro na'urar daga aljihun riga ya miƙo mini. Na ji wani sanyi a raina, na ce yanzu gaskiya za ta wanke ni. Na cika ƙirji na hura. Kore. Ya buɗe idona da yatsa ya duba, ya sa na yi tafiya a kan kunyar gona na dawo. Ya juya ga jama'a ya ce, "Bai sha komai ba. Lafiyarsa ƙalau."

Na dubi surukina ina jiran ya yi hamdala. Ya daɗe yana kallon shinkafarsa, sannan ya dube ni, ya ce a hankali, "Kai, yaro. Da ma sha ka yi, da sai mu ce gobe za ka wartsake."

Dariyar da aka yi a wurin har yau ina jin ta a kunnena. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ƙasar ma taɓo ce. Sai da aka nemo shanun huɗa guda huɗu suka ja motar, lasifika na ta faɗakar da su.

Takarda kam ba a sa hannu ba. Wani aka ba, mutumin kirki wanda ba ya gaida kowa. Na yi baƙin ciki sosai, na yi kwana uku ban fita ba, kuma ni na sake dasa shinkafar nan da hannuna. Muryata ce kawai ta samu aiki na dindindin, domin har bana in Sallah ta matso ina jin ta tana wucewa ta ƙofar gidana, tana ba ni shawara.

Abin da na koya shi ne, ba sai mutum ya kurɓi wani abu yake maye ba. Nawa mayen a kaina ake dafa shi, kuma ba na'urar da ke kama shi. Yanzu in tunani ya fara ɗaukata a hanya, sai in gangara gefe in tsaya, in gama karɓar lambar yabon tukuna.

Shi kuwa Malam Isiyaku, ko a keke ya hango ni tafe, tun daga nesa yake miƙewa yana ɗaga sanda: "Tsaya! Sauka tukuna! Kada ka gaishe ni!"