Bargon Ƙanƙara

"...da iyali, da ciniki, in akwai shi."

"Da akwai, ganin fuskarki ne ya kore shi."

Haka Mai Bargo ya amsa gaisuwata. Ɗan kawuna ne, tun muna yara ba mu taɓa gaisawa babu zagi ba. Shagonsa na ƙarshen layin 'yan gwanjo, barguna jibge har rufi, shi kuma a tsakiya daga shi sai singileti, yana fifita da kwalin takalmi. Watan da ya kamata haƙora su riƙa kaɗawa ne, amma rediyo ya ce ba a taɓa auna zafi irin na makon nan ba a ƙasar. Haka suka ce bara, haka bara waccan. Na kuma ji a gida cewa ɗansa zai zo ƙarshen wata ya rufe shagon, ya tafi da shi garin da yake aiki.

Na dubi kayan, na dube shi, na ce haihuwar guzuma ke nan, ɗa kwance uwa kwance. Sannan na ce bargo na zo saya, mafi kauri.

Ya ce dama ya san za a rina, rana ta dafa ɗan guntun hankalin da ya rage mini. Sai kuma ɗan kasuwar cikinsa ya farka. Ya rantse sanyin da ke tafe, kaza za ta saka ƙwai ya faɗo a daskare, wai gwiwarsa ce ta gaya masa. Na tuna masa gwiwar nan ta sha yin wannan alkawari, da mutum ce da tuni tana gidan yari.

"To wa za ki rufa? Mijin da ya gudu?"

"Ƙanƙara."

Ya daina fifita. Na gaya masa surukata ƙanƙara take sayarwa, kafin azahar rabi ya zama ruwa. Shekaranjiya na nannaɗe mata ita da tsohon bargona, har magariba tana nan kamar dutse. Yanzu duk masu ƙanƙara da masu ruwan sanyi na layinmu tambayata suke inda ake samun mai kauri. Na ce musu na san wani tsoho, sai dai ba ya da ladabi.

"Shekara da shekaru ina kare mutane daga sanyi," ya ce, "yanzu sanyin zan koma karewa?"

"In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. In ba ka so, bi ɗanka. An ce suna neman mai gadin takalma a ƙofar falo."

Ya bi bargunan da kallo, gumi na ɗiga daga gemunsa. Can sai dariya ta ƙwace masa har da tari. Ya taka kujera ya zaro na can sama, ya dire mini a ka. Na kwance bakin zane, ya ture hannuna.

"Ki turo su gobe. In kin ga ɗan nan nawa, ki ce kada ya ɓata man motarsa ya zo."

Har na juya ya ƙara da cewa, "Na ƙanƙarar ne fa, ba naki ba. Ke ko a murhu aka sa ki ba za ki narke ba."

Na ratso kasuwa da bargo a ka, rana tsaka, mutane na matsa mini hanya.